Matar da Ba Ta Taɓa Ƙona Tukunya Ba

Kafin Yaya Dije ta gaya wa mutum sunanta, sai ta fara gaya masa cewa tunda uwarta ta miƙa mata muciya ba ta taɓa ƙona tukunya ba. Haka ta yi mini ranar da suka sauka a gidanmu na Hayyul Ashir, cikin Madinat Nasr a Alƙahira, ƙarshen shekarar 2012. Na sauko daga hawa na uku don in yi wa baƙi sannu da zuwa, na tarar ko akwati ba a buɗe ba, ita kuwa tana kicin tana ƙwanƙwasa gindin tukwanen da mai gidan haya ya bari, kamar mai sayen kankana.

"Waɗannan ai gwangwanaye ne," ta ce. "Amma ba komai. Ko a gwangwanin madara aka ce in tuƙa tuwo, ba zai kama ba."

'Yar Gusau ce, gajera, kakkaura, muryarta ba ta buƙatar lasifika. Shekara talatin da ɗoriya ita ce uwar tuwo ta unguwarsu. Biki ne, suna ne, sadakar mamaci ce, duk inda aka kafa manyan tukwane ita ake nema. Boko ba ta yi ba, allon ma ba ta yi nisa ba, amma daga ƙofar gida take ɗaga hanci ta ce miyar can ta kusa kamawa, a ruga a tarar haka ne. In tana son ta kwatanta lalacewar mace, ba ta zagi, cewa kawai take yi, "Wance ai mai barin tukunya ce ta tafi surutu." A satinta na farko a Masar ta gama yanke wa ƙasar hukunci: mutanen kirki ne, sai dai wake da burodi sun gama da su.

Abin da ya kawo su ba na daɗi ba ne. Mijinta, Malam Badamasi, tsohon tela, dogon mutum mai shiru, ƙari ne ya fito masa a hanji, 'ya'yansu suka haɗu suka turo su neman magani. Ni na yi musu tafinta a asibiti, don na daɗe a Alƙahira, maigidana Illiyasu yana harkar aika kaya Kano da Maraɗi. Likita ya ce za a yi watanni ana ba Malam magani don ƙarin ya motse, sannan a yi aiki a cire, amma ba za a yi aikin ba sai jikinsa ya yi ƙwarin ɗauka. Ya yi dogon bayani, ni kuma na taƙaita mata.

"Yaya, cewa ya yi Malam ya ci abinci. In ya ci ya yi ƙiba, a yi aiki. In bai ci ba, babu aiki."

"Shi ke nan?" ta ce. "A kan wannan muka hau jirgi?"

Ta gyara mayafi ta yi gaba, ta bar mu da likita. Ba ta san maganin nan kashe baki yake yi ba, mu ma a lokacin ba mu sani ba.

Ƙofar da ke kallon tasu a hawa na ɗaya ta wata yarinya ce, Mardiya, 'yar ƙasar Filifin, daga can tsibiran kudu inda Musulminsu suke. Mijinta ɗalibi ne a Azhar, ita ma ta fara karatun kafin ciki ya zaunar da ita. Siririya ce, magana ƙasa-ƙasa, in ta gaida babba sai ta kama hannunsa ta kai goshinta. Wata Juma'a muna zaune muna tankaɗen garin masara, sai ga ta da kwanon tangaran mai shuɗin fure, an rufe shi da faranti. Ta miƙa, ta nuna wajen da Malam yake, ta ce da Larabci na Baba ne, ta koma.

Yaya Dije ta ɗaga farantin. Ta mayar. Ta sake ɗagawa.

Miya ce ruwa-ruwa da naman sa, baƙa wuluk. Ba irin duhun miyar kuka da ta kwana ba, a'a, baƙin tawadar allo. Ƙamshin citta da tafarnuwa yana tashi, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙauri, kuma hancin da ke jiyo ƙauri daga ƙofar gida ba zai rasa na cikin kwano ba.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ma'u, yarinyar nan marainiya ce. Babu uwar da za ta bari 'yarta ta tafi gidan miji a haka."

"Wataƙila haka suke yin tasu, Yaya."

"Haka suke ƙonawa? Duk ƙasar?"

Ban ja da ita ba, don ni ma ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan kai cokali ba.

To amma kun san tarbiyyarmu. Abincin maƙwabciya ba a kushe shi, kwanonta kuma ba ya komawa wofi. Washegari Yaya Dije ta wanke kwanon tas, ta cika shi da ɗanwake, ta je ta ƙwanƙwasa. Larabcinta a lokacin kalma uku ne, tamam da khalas da ma'alish, wato ya yi kyau, da shi ke nan, da yi haƙuri, sai ta zaɓi babbar cikinsu. "Tamam!" ta ce, tana shafa ciki. "Tamam, tamam!" Fuskar Mardiya ta washe, har da tafa hannu. Ta faɗa mana sunan miyar, wai tiyula itum. Da Juma'a ta zagayo sai ga kwano, daga nan kuma abin ya zama ƙa'ida.

Zubar da abinci zunubi ne, don haka Yaya Dije ta samo mafita. Gidansu yana da 'yar baranda ta baya inda kyanwoyin unguwa ke hawowa ta kan katanga, nan take ajiye kwanon a ƙasa. Nan ne kuma Malam yake wuni a kan tabarma da rediyonsa, nan ake kai masa tire a ja ƙofa a fito, don shi mutumin da ne, ba ya cin abinci a gaban mace. Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa zama ta ga loma ta shiga bakinsa ba. In ta koma kwashe kwanuka sai ta tarar da komai fes. Tuwo babu, farfesu babu, baƙar miyar ma an suɗe.

"Kyanwoyin Masar ba su san ciwon kansu ba," take cewa. "Ta Gusau ko shinshinawa ba za ta yi ba."

Tausayin yarinyar kuwa ya hana ta sakat. Ta ƙudura sai ta gyara ta kafin mijin ya kamu da gyambon ciki. Tunda baki ba zai faɗa ba, sai aka koma ishara. Ta ja ni har kasuwar Ataba muka sayo tukunya mai kaurin gindi, ta kai mata kyauta. Ta shiga kicin ɗinta ta kama makunnin gas, ta rage wuta, ta ƙara, ta sake ragewa tana kallonta ido cikin ido. Ta tsaya a gaban murhu ƙiƙam ta nuna ƙafafunta, wato nan ake tsayawa, ba a tafiya. Mardiya tana ta murmushi tana godiya. Juma'ar da ta biyo baya aka dafa miyar a sabuwar tukunya, ta fito ta fi ko yaushe baƙi.

A ɗaya gefen Malam yana ta murmurewa. Kumatu suka ɗan ciko, ya fara sauka masallaci da ƙafarsa. Likita ya ɗora shi a sikeli ya ce masha Allah, in aka ci gaba a haka bayan azumi sai aiki. Yaya Dije ta kira Gusau, duk benen ya ji.

"Wane irin magani? Tuwona ne!"

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ta. Ta ce ta lura harshen Malam yana yin duhu ranar Juma'a, in tambayi likita ko maganin ne. Na tambaya. Likitan ya ce shi dai bai taɓa jin maganin da ke aiki ranar Juma'a kaɗai ba.

Mardiya ta haihu ana gab da azumi, cikin zafin nan da ake ta ɗauke wuta, ta samu namiji. Ranar suna 'yan ƙasarsu za su taru, har da dattawansu daga Abbasiya. Babu wanda ya naɗa Yaya Dije uwar biki, amma dama ba a taɓa naɗa ta a ko'ina ba, zuwa take yi. Da hantsi ta ci ɗamara ta shiga, ina biye da ita. Mai jego tana ɗaki tana shayarwa, ƙawayenta sun fita neman tukunyar gas. A baranda kuwa, a kan murhun gawayi, ga ɓarin kwakwa a jere sun kama da wuta suna ci, sun yi baƙi ƙirin.

Na san labarin kwakwar nan. Sai da mijin Mardiya ya yi ta yawo tsakanin Giza da Ma'adi kafin ya haɗa ta, don Alƙahira ba kamar gida ba ce da ake tura ta a baro. Na buɗe baki ke nan, ashe Yaya ta riga ta sheƙa mata bokitin ruwa. Ta kwashe ta juye a shara, ta miƙa wa Ammu Hasan mai gadi ya fitar. Sannan ta dubi naman da aka yanka aka tara a roba, ta naɗe hannun riga.

"Yau dai yarinyar nan ba za ta ji kunya ba ina raye."

Dafa-duka ta yi da jar miya, kuma wallahi ta yi daɗi, ko ƙwayar shinkafa ba ta kama ba. Baƙi suka zo aka zuba musu. Na ga dattawan nan suna leƙa kwanuka, suna duban juna, suna duban mai gidan, shi kuma yana duban ƙasa. Suka ci, suka ce tamam. Mardiya ta fito ta ga murhu a jiƙe, ta tsaya cak, hawaye suka zubo mata shar. Yaya Dije ta rungume ta tana bubbuga bayanta.

"Ma'alish, ma'alish, ba sai kin gode ba."

Juma'a ta zo, ba a ƙwanƙwasa ba. Kwanon mai shuɗin fure yana wurin Yaya Dije tun kafin haihuwar, sai ta cika shi da dambun nama ta je da kanta. Ana jin kukan jariri a ciki, amma ba a buɗe ba. Ta dawo ta juye dambunta, ta ɗora kwanon a kan firij, ta ce ta sha ganin butulci amma wannan ya fi su, kuma ko ba komai kyanwoyi sun huta.

Daga nan Malam ya fara zubewa. Abin tsoron shi ne kwanuka suna fitowa fes kamar kullum. Ta yi fate, ta yi miyar taushe, ta yi farfesun kan rago, ta sa aka aiko mata da sabuwar daddawa daga gida. Duk a cinye, mutum kuwa kullum sai ƙara tsawo yake yi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, masallaci ya gagara. Bayan ƙaramar Sallah likita ya ɗora shi a sikeli, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a haka ba zai kusance shi da wuƙa ba, kuma ƙarin ba zai yi ta jiranmu ba. Wannan karon ban taƙaita mata komai ba, ta gane tun kafin in buɗe baki. A cikin tasi ta riƙe hannuna har muka iso gida. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba. Har ta fara zancen ko hannu aka sa wa Malam, don abinci ya shiga ciki bai kama jiki ba ai ba lafiya ba.

Gaskiyar ta fito ne ta hanya mafi nisa. Malam ya aika a kira masa maigidana. Suka gaisa, suka yi zancen zafi, suka yi zancen halin da ƙasar ke ciki, sai da Illiyasu ya miƙe zai tafi sannan Malam ya tambaya, yana kallon katanga, wai ko maƙwabtan nan lafiya, kwana biyu bai ga kwanonsu ba. Da Illiyasu ya koma ya zauna ya matsa masa, sai ya fito da ita. Tunda aka fara maganin, duk abin da ya sa a baki kamar tsumma yake jin sa, ban da baƙar miyar nan mai yaji da citta da ɗan ɗacin hayaƙi. Ita kaɗai ke tayar masa da harshe. In ya sha ta ranar Juma'a sai cikinsa ya buɗe, ya yi kwanaki yana iya tura tuwo a bayanta. Da ta daina zuwa, komai ya daina shiga. Kuma shi ba shi da bakin da zai dubi matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan tukunyarsa ya gaya mata haka.

Illiyasu ya hau bene ya gaya mini, ni kuma na sauko. Maganar da ke tsakanin baranda da kicin sai da ta je hawa na uku ta dawo.

"Yaya," na ce, "baƙar miyar nan ba kyanwoyi ke sha ba. Malam ne."

Ta ajiye ludayi.

"To tuwona fa?"

Sai muka leƙa ta taga. Ga kyanwoyin nan a kwance a kan katanga, kowace kamar matashin kai, ɗaya ma tsalle ya gagare ta sai ta bi ta kan tulin kwalaye.

"Har da farfesun kan rago," ta ce. "Ma'u, har da farfesun kan rago."

Na ce mu je mu ƙwanƙwasa wa Mardiya. Ta ce ita? Ƙofar da aka ƙi buɗe mata? Ai ba yarinyar ce kaɗai 'yar Filifin a Masar ba, kuma ƙonannen abinci ba zai yi wuyar samu ba. Aka yi mana kwatancen wani ɗan gidan abincinsu a Ma'adi. Washegari muka hau mikrobas, 'yar bas ɗin haya, muka shiga metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan ɗaki ne mai 'yan tebura, mai shi wata dattijuwa ce mai yawan dariya, Madam Luz, tsohuwar nas da ta auri ɗan Masar. Kafin mu zauna sai da Yaya Dije ta sa na yi mata tambayoyi kamar a kotu. Wa ya yanka? Ina aka sayo? Ana taɓa naman nan da ba a faɗar sunansa? Madam ta ce mijinta alhaji ne, in muna so mu shiga kicin mu gani. Ba ta san da wa take magana ba. Sai da Yaya ta juya gindin kowace tukunya.

Sannan ta ce tunda mun zo sai ta ɗanɗana abin da mutanen nan ke ci, don ta gano ta inda suka ɓata. Aka kawo adobo, kaza ce da aka dafa da tafarnuwa da ruwan khal mai tsami har ta yi duhu. Ta ce an jiƙa kaza kamar za a yi rini, ta cinye har da tauna ƙashi. Aka kawo sinigang, romon kifi da ganye. Ta kurɓa ta ajiye cokali.

"Tsamiya ce! Ma'u, kifi suka jefa a ruwan kunun tsamiya!"

Ta ɗaga kwanon ta shanye. Akwai wani ɗan abu ja-ja a ƙaramin faranti, na ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri, warinsa sai da ya sa na ja kujera baya. Ita kuwa ta kai hanci ta lumshe ido. "Daddawarsu ce," ta ce cikin girmamawa. "Ashe dai suna da hankali." Inda aka ɓata shi ne wurin halo-halo. Dogon kofi ne da niƙaƙƙiyar ƙanƙara da madara da ayaba, a ƙasa kuma wake. Wake, da sukari, a cikin ƙanƙara. Ta ce wannan kam sai addu'a, ta turo mini, can kuma ta jawo abinta.

Daga ƙarshe muka zo kan abin da ya kawo mu. Na ce tiyula itum muke so, a zuba mana a kula mu tafi da ita. Madam Luz ta girgiza kai. Ta ce wannan ba ta iya ba, ba ta mutanen Manila ba ce, ta Musulmin kudu ce, ita ma sau ɗaya ta taɓa sha a bikin wata ƙawarta. Ta ce da gangan ake gasa kwakwa har ta zama gawayi, a kankare a daka da kayan yaji, kuma in ba ta ƙone sosai ba miyar ba ta yi ba. Wuni ake yi a kanta. Ba kuma don kowa ake yin ta ba. Ta ango da amarya ce, da ranar suna, da babban baƙon da ake son a ɗaukaka. Taron da babu ita, sai a ce masu gida ba su ɗauki baƙinsu a bakin komai ba.

"Ku a ina kuka sha ta a Alƙahira?" ta tambaya.

Na ce maƙwabciya ce ta yi ta kawo wa mara lafiyarmu duk Juma'a tana da ciki.

"Duk Juma'a? Da ciki?" Ta dubi Yaya Dije sama da ƙasa. "Ku su wane ne a wurinta?"

Na fassara duka, ban rage ko kalma ba. Yaya Dije ta ture kofin. Abu ɗaya ta ce, in tambayi inda ake sayar da kwakwa. Muka je shagon da aka kwatanta mana muka kwashe wadda ke ciki. Wata mata ta taka ta a metro, ko ɗagowa ba ta yi ba, nan na san abin ya kai inda ya kai.

Muna shiga gida ta sauko da kwanon daga kan firij, ta wanke, ta nufi ƙofa.

"Yaya, ba ki sa komai a ciki ba."

"Na sani."

Da za a je Gusau a ce an ga Dije ta mayar da kwanon maƙwabta wofi, da an ce sharri ne. Ta ƙwanƙwasa, ta tsaya riƙe da shi hannu biyu, jakar kwakwa a gefen ƙafarta. Shiru. Ba ta juya ba. Sai ta yi wa ƙofar magana da Hausa, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

"'Yata, ban sani ba. Na zubar miki da mutunci a gaban mutanenki, ni a ganina gyara nake yi. Ki yafe mini. In ba don ni ba, don Malam. Ba ya ci."

Na fara fassarawa, ban kai ƙarshe ba aka zare sakata. Mardiya ta dubi kwanon, ta dubi kwakwar. Ta ce ta hango Baba ta taga ranar da aka riƙo shi zuwa asibiti, tun ranar ranta bai kwanta ba. Ta ce irin wannan ciwon ne ya tafi da mahaifinta tana nan Masar, ba ta samu ta dafa masa ko sau ɗaya ba. Sai ta share ido ta ce akwai sharaɗi. Ita jego take yi, hayaƙi bai kamaci yaro ba. Mama, wato Yaya Dije, ita za ta gasa.

Da safe aka hura gawayi a barandar Mardiya, aka fasa kwakwa aka ɗora. Da farko lafiya lau, ƙamshi mai daɗi. Gefen yana fara yin ja Yaya Dije ta miƙa hannu za ta sauke. Mardiya, da ta ce hayaƙi bai kamace ta ba, ta miƙa mini jariri ta zo ta riƙe mata wuyan hannu. "Lissa," ta ce, wato da saura. Ƙauri ya tashi. Yaya ta hau salati, tana kawar da kai kamar wadda ake yi wa ɗanta allura. Ta sake kai hannu, aka sake riƙewa. Kwakwa ta kama da wuta bal-bal, hayaƙi ya turnuƙe bene, sai ga Ammu Hasan ya hawo a guje da bokiti yana ihu. Yaya Dije ta yi wuf ta tare ƙofa.

"Khalas! Ka kuskura ka zuba ruwan nan ka gani! Mutum bai san abu ba sai ya hau ɓarna!"

Hawaye yana ta zubo mata, ta ce hayaƙi ne. Daka kam ba a koya mata ba. Ta karɓi turmi ta kirɓa baƙin nan da citta da tafarnuwa da kurkum da barkono har ya yi laushi kamar kwalli. Aka cuɗa nama da shi, aka jefa wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, aka bar shi yana dahuwa har la'asar. Ta tsaya a kan tukunyar ƙiƙam, wannan dai ba ta bari ba.

An yi wa Malam aiki bayan babbar Sallah, ya tashi, kuma a shekarar 2014 ya koma Gusau da ƙafarsa. Har yau in mun yi waya Yaya Dije takan ce duk Juma'a tana aika wa maƙwabta baƙar miya, suna cewa ta yi daɗi, ita kuma tana sa ido a kan kyanwoyin unguwa. Amma ni la'asar ɗin farkon nan ce ba na mantawa.

Ta zuba miyar a kwanon mai shuɗin fure, da shinkafa a gefe, ta kai baranda. Ni da Mardiya muna bayan labule, babu ko kunya. Ta ɗauki tsintsiya ta kori kyanwoyi, sannan maimakon ta ja ƙofa ta fito, sai ta zauna a bakin tabarma ta miƙe ƙafa.

"Malam, yau a gabana za ka ci."

Ya dube ta, ya dubi kwanon, kunya ta rufe shi. Can ya yi bismillah ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Romo yana ɗiga a gemu, bai tsaya ba sai da cokali ya fara ƙara a gindin kwano. Ita kuwa tana bin kowace loma da ido tun daga kwano har maƙogwaro, bakinta yana motsi kamar ita ke haɗiyewa.

Ya ajiye cokali ya yi hamdala, leɓɓansa baƙi ƙirin. Ya kasa kallonta, sai ya tambayi katanga.

"Yarinyar ce ta dafa? Allah ya yi mata albarka."

Yaya Dije ta goge ido da bakin zani, ta ɗauki kwanon za ta ƙaro.

"Amin," ta ce. "Amma ni na ƙona."